Yadda Hamo Mai Ganye Ya Zama Sarkin Magina

Kafin shekarar babbar annoba, duk wanda ya saba leƙa rumfar masassaƙan dutse da ke gindin babban cocin Harminster, can arewacin Ingila, ya san Hamo Pike. Sai dai ba wanda ya san shi da abin a zo a gani. Ganye yake sassaƙawa, ganyen inabi guda ɗaya tal, mai yatsu biyar da ɗan lanƙwasa a baki. Shi ya koya yana saurayi, a kansa kuma ya tsaya. A ba shi kan ginshiƙi, ganyen nan zai jera. A ba shi gefen taga, ganyen nan dai. Ran da aka ce ya gwada kan zaki don bakin indararo, sai da ya yi gumi kashirɓan, sannan ya fito da wani abu da magina suka taru a kansa suna musu. Wasu suka ce kabeji ne, wasu suka ce a'a, ganyen ne ya kumbura. Tun daga ranar ba a sake ce masa Pike ba, sai Hamo Mai Ganye.

Abin da Allah ya ba shi, a fuska da maƙogwaro ya ba shi. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, sumarsa kamar an zuba zuma, idan kuwa ya ɗaga murya da waƙa ranar biki har matan aure kan ajiye guga su saurara. Da wannan ya samu Idony, 'yar Gervase sarkin magina. Ba wanda ya tura ta. Ita ta gan shi, ita ta nace, ta yi ta kumbure-kumbure a gida har uban ya gaji.

"Na ga aikinsa, 'yata," in ji Gervase. "Ban ce miki mugu ne ba. Amma ban taɓa ganin ya ɓata dutse ya ji haushin kansa ba. Kullum dutsen ne mai laifi."

"Baba, ai ba dutse zan aura ba."

"To. Allah ya sa albarka."

Ba a yi nisa ba sai ta gane abin da tsohon yake nufi. Hamo ya tare a gidan surukinsa, ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da murhu, ya maida ta tasa. Idan ya makara zuwa aiki, mai kaɗa ƙararrawa ne ya yi gaggawa. Idan kurfinsa ya karye a kan dutse, maƙeri ne macuci. Da farko Idony takan yi dariya, daga baya ta daina, daga baya kuma ta daina sauraro gaba ɗaya. Abu ɗaya na kirki da ya fito daga auren shi ne 'yarsu Sibley, yarinya mai wushirya da kunne ɗaya da ya ɗan lanƙwashe a sama, mai surutu kamar an kunce ta. Ba ta ɗauko komai na uban ba sai sumar.

Gervase shi kuwa gajere ne, mai tari saboda ƙurar dutse da ya shaƙa tun yana yaro, kuma a shekarun nan ba abin da ke ransa sai babbar ƙofar cocin ta yamma. A saman ƙofar, cikin bakan gizo, yake sassaƙa ranar tashin ƙiyama. Ɓangaren dama, na masu rabo, ya riga ya gama shi. Ga matattu suna ture murafen kaburbura, wani yana mutsuttsuke ido kamar wanda aka tasa daga barcin rana, wata tsohuwa tana laluben mayafinta don kada ta tsaya gaban Ubangiji kai ba rufi. Mutane kan zo daga ƙauyuka su tsaya baki buɗe. Can ƙasa kuma, daidai inda mai tsayi zai iya taɓawa idan ya yi ɗage, ya sa wani ƙaramin mala'ika riƙe da ƙaho. Fuskar Sibley ce, har wushiryar, har kunnen. Yarinyar takan ja ƙawayenta ta nuna musu, ta ce ita ce za ta tashe su duka ranar ƙarshe, don haka su bi ta a hankali.

Annobar ta shigo ta bakin kogi, lokacin zafi. Ta fara da masu sauke kaya daga jirage, ta hau unguwar mahauta, kafin a ce haka ta game gari. Aka yi ta kaɗa ƙararrawar mutuwa har aka ga abin ba ya ƙarewa, aka bari. A gidan Gervase tsohon ne ya fara kwanciya, sai Sibley ta tashi da zazzaɓi da kumburi a hammata.

Da safe Idony ta fito daga ɗakin marasa lafiyan da ƙwarya a hannu, ta tarar da mijinta yana naɗe bargo, wanda ya fi kowanne kauri a gidan.

"Ina za ka da bargo?"

"Mahaƙar dutse. Akwai wasu duwatsu da aka ce a je a duba."

"Wa ya ce? Mai cewar yana ciki bai san inda kansa yake ba."

"Tun kafin ya kwanta ya gaya mini. Ke ba ki san sha'anin aiki ba."

"'Yarka tana ta kiranka, Hamo. Shiga ta gan ka."

Ya matsa har bakin ƙofar ɗakin, ya toshe hanci da hannun riga, ya leƙa da ido ɗaya. "Ki ce mata ina dawowa," ya ce. Ya saɓa bargon, ya ɗauki curin cukun da ke rataye, ya fita. Idony ta bi bayansa da kallo. Tafiya yake a natse irin ta mai mutunci har ya kai kwanar layi, daga nan ta ji ƙafafunsa sun sauya.

Gervase ya rasu kafin ƙarshen makon. Sibley ta ɗan daɗe, don yarinya ce mai taurin rai, amma ita ma ta bi kakanta. Babu akwati, babu limamin coci, babu kabari na mutum ɗaya. Amalanke ne ke zagayawa, ramin kuma ɗaya ne a bayan ganuwa. Idony ce ta naɗe su da hannunta, ta bi amalanken har bakin ramin, ta dawo ta kwanta da nata zazzaɓin, tana fatan kada ta tashi. Sai ta tashi.

Sanyi ya zo ya wuce, ƙanƙara ta narke, tsuntsaye suka dawo, sannan Hamo ya dawo. Ya yi kumatu. Bai zarce gida ba, sai da ya tsaya a tsakiyar kasuwa, inda 'yan tsirarun da suka rage suke ciniki, ya tambayi labarin iyalinsa da ƙarfi, aka gaya masa. Ya zube ƙasa yana kururuwa, yana dukan ƙirji, yana kiran sunan Sibley da muryar nan tasa mai daɗi. Mata suka kewaye shi suna ba shi haƙuri, wata har da share masa hawaye da bakin zanenta. Idony na tsaye a bakin rijiya da guga tana kallo. Abin da ta lura da shi kawai, ko bargon bai dawo da shi ba.

Rumfar masassaƙa ta zama kufai. Duk gwanayen da suka yi aiki a ƙarƙashin Gervase suna cikin ramin bayan ganuwa, ba wanda ya rage sai leburori da tsoho Osbert mai kwaɓa farar ƙasa. A cikin cocin ma haka. Manyan limaman sun mutu, makullin ginin ya faɗo hannun wani Fada Wulstan, wanda kafin annoba aikinsa gyara kyandir da riƙe wa manya littafi. Shi ne ya zo rumfar, ya dudduba, ya ga mutum ɗaya ne ya san yadda ake riƙe kurfi.

"Kai ne surukin marigayi?"

"Ni ne, Fada. Ai ni ne hannun damansa. Ba abin da yake yankewa sai ya tambaye ni."

"Za ka iya ƙarasa ƙofar?"

"Ai rabin abin da ke jikinta ma shawarata ce."

Osbert ya yi tari ya kau da kai. Haka aka naɗa Hamo Mai Ganye sarkin maginan Harminster. Mutum biyu da mutuwa ta share wa hanya suka yi musabaha, kowanne yana ganin cancantarsa ce.

Abin da ya fara yi shi ne ɗinka doguwar riga mai gashin dabba a wuya, da safar hannu, da sandar awo wadda bai taɓa auna komai da ita ba sai nuna mutane. Ya hana a kira shi Mai Ganye, ya ce duk wanda aka ji zai bar aiki. Ya zo har gida da dokar.

"Daga yau, a gaban mutane, Sarkin Magina za ki riƙa ce mini."

"A gaban mutane zan ce maka duk abin da kake so," in ji Idony, tana juya tukunya. "A gida fa? Me zan ce maka?"

Bai sake tayar da maganar ba.

Sai ya hau ɓangaren hagu na ƙofar, na 'yan wuta. Gervase ya bar zane a kan allo, shaiɗanu da ƙugiyoyi da bakin wuta a hangame. Hamo ya bi zanen iyakar iyawarsa. Shaiɗanun suka fito da kawuna kamar burodin da bai tashi ba, 'yan wutar kuma ba ka gane kuka suke ko hamma. Duk inda hannu ko ƙafa ta gagare shi, sai ya rufe wurin da ganye. Wutar jahannama ta Harminster ta zama lambun inabi. Idony ta zaci ranar da aka sauke katakan hawa gari zai kwashe da dariya. Ba wanda ya yi. Garin ya cika da baƙi, mutanen ƙauyuka masu nisa da suka shigo suka tare a gidajen matattu, waɗanda ba su taɓa ganin dutse da fuska ba. Suka tsaya baki buɗe a gaban hagu kamar yadda ake tsayawa a gaban dama. Masu sanin bambancin duk suna ƙarƙashin ƙasa.

Ita dai ta ci gaba da zama a gidan, don gidan ubanta ne, tana dafa giya tana sayar wa magina a zaure. Ba ta faɗa da Hamo. Takan ajiye masa abinci yadda ake ajiye wa kare, ba da mugunta ba, don dai kada ya dame ta. Kowace safiya kuma, kafin ta hura wuta, takan bi ta ƙofar yamma ta tsaya gaban ƙaramin mala'ikan. Ba ta kuka, ba ta magana. Wani lokaci ta ɗage ta share kashin tsuntsu daga kumatun, ta wuce. Ba ta da kabarin da za ta ziyarta, wannan ne nata.

A cikin waɗanda annoba ta azurta akwai Jocelin Bonner, ɗan kasuwar ulu. Kafin ta, yaron shago ne a wurin kawunsa. Bayanta, ya wayi gari ya gaji kawun da 'ya'yan kawun da tumakinsu duka, ya fara tafiya ciki gaba. Matarsa, Uwargida Amice, mace ce mai haɓa biyu da son a gan ta. Rufin cocin na ɓangaren arewa yana yoyo, Jocelin ya ce zai rufe shi da darma daga aljihunsa, da sharaɗi ɗaya: a sa fuskar matarsa a ƙofar yamma, cikin masu rabo, inda kowa zai gani.

Tsoho Osbert ne ya kawo wa Idony labarin. Ya zauna a zaure yana juya kofinsa bai sha ba.

"'Yar maigida, akwai magana, amma ba daga bakina kika ji ba."

"Faɗi, Baba Osbert."

"Babu sauran fili a ɓangaren dama, ubanki bai bar ko tafin hannu ba. To shi ne mutumin naki ya ce a sauya fuskar wani daga ciki. Matar kuma ta ce ba ta son can sama inda sai an ɗaga kai."

Idony ta ajiye ludayi. Ba ta tambaye shi wanne ba. Ta fita ko mayafi ba ta ɗauka ba.

Ta tarar an riga an kafa ɗan dandamalin katako a gindin ƙofar, an rataya tsumma. Hamo na tsaye da sandarsa yana ba leburori umarni, kamar mai shirin yaƙi.

"Sarkin Magina," ta ce, a gaban mutane. "Zo."

Ya zo yana murmushi, don bai taɓa jin sunan daga bakinta ba.

"Wace fuska za ka fasa?"

"Ba fasawa ba ce, gyara ne. Ke ba ki san sha'anin..."

"Fuskar 'yarka ce."

"Dutse ne, Idony. Dutse. Kin ɗauka ni ban ji mutuwarta ba? Duk garin nan an ga kukan da na yi."

"An gani kam. Har da ni."

Ya sassauta murya, ya matso kamar mai ba da shawara. "Ki yi tunani mana. Yarinyar nan ta riga ta tafi, tana wurin da ya fi nan. Uwargida Amice kuwa tana da rai, mijinta kuma zai sa a ba ni aikin tagogin arewa gaba ɗaya. Ke ma za ki ci moriya. Zan saya miki mayafi irin nata."

"Ga waliyyai nan birjik. Ga tsohuwar can mai neman mayafi. Ɗauki ɗaya."

"Sun yi sama. Kuma," ya ɗan sosa ƙeya, "wannan ya fi sauƙin kaiwa."

Nan ta gane sauran zancen. Tun da ya yi ƙiba yake tsoron hawa tsani.

Ta wuce wurin Fada Wulstan. Ta same shi a ɓangaren arewa yana kallon bokitan da aka jera suna tarar ruwa. Shi ma ya yi wuya, ya koyi haɗa yatsu a kan ciki idan zai yi magana.

"'Yata, na ji ƙorafinki, kuma zuciyata tana tare da ke. Amma dubi ɗakin Ubangiji yadda yake zuba. Ai mala'iku ba su da fuska ɗaya. Kuma ba kyau mutum ya ɗaura zuciyarsa a kan sassaƙe, wannan hanya ce mai santsi."

"Ita Uwargida Amice da za ta ɗaura tata fuskar a kai fa, Fada? Tata hanyar ba santsi?"

"Ita sadaka ta yi."

"Ubana ya ba ginin nan huhunsa."

"Allah ya ji ƙansa. Ki je ki yi biyayya ga mijinki, ki yawaita addu'a." Ya juya ya ce wa wani a sauya bokitin da ya cika.

Washegari da hantsi ta tsaya a kan titi, daura da ƙofar, ta ji ƙarar guduma a bayan tsumman. Mutane na wucewa da kwanduna, wani na jan alade. Ba ta matsa ba har aka tashi cin abinci. Da wurin ya yi shiru ta je ta durƙusa a ƙarƙashin dandamalin ta tona ɓaraguzan da yatsu, ko za ta samu wani yanki da za ta gane. Ba komai sai tsakuwa da ƙura.

Kan yarinya ƙarami ne, wanda kuma zai fitar da wata fuska daga cikinsa dole ya ƙara cin dutsen. Hamo ya ci, ya ɓata, ya ƙara ci don ya gyara. Ranar da aka yaye tsumman, bayan sujadar Lahadi, da jama'a da limaman cocin da Jocelin cikin rigar alfarma, abin da ya bayyana wani ɗan kai ne kamar dunƙulen hannu a kan kafaɗun mala'ika, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, hanci a manne da farar ƙasa don ya ɓalle ana cikin aiki. Inda kunnen yake, ganye ne.

Kowa na jiran ya ga inda mai kuɗi zai karkata. Uwargida Amice ta matso, ta karkata kai, ta daɗe tana kallo.

"Wayyo," ta ce, ta dafa ƙirji. "Jocelin, dubi! Ni ce sak, lokacin ina budurwa."

Sai wuri ya ɓarke da tafi. Fada Wulstan ya ce hannun Sarkin Magina hannu ne mai albarka. Hamo ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, yana satar kallon jama'a ta gefen ido.

Idony ta ratsa taron ta tsaya a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, amma na kusa sun ji, na nesa kuma sun tambayi na kusa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Hamo. Ka yini kana dukan fuskar nan, hancinka a jikin nata. Wanne kunnen Sibley ne a lanƙwashe, na dama ko na hagu?"

Ya buɗe baki, ya waiga wajen dutsen, amma ba abin da ya rage a can da zai taimake shi. "Na dama," ya ce. Ya dubi idonta. "A'a, na hagu. Haba Idony, wannan wace irin magana ce a gaban baƙi?"

Ba ta gaya masa wanne ne daidai ba. Ta yi tsaki, ta tofar da yawu a gefen takalminsa, ta juya. Mutane suka ɗan sunkuyar da kai, wasu mata suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta, a yi mata uzuri. Sai aka sanar cewa an gasa dinya a gidan Jocelin, taron ya kwashe ya nufi can.

A ranar ta bar gidan. Gidan ubanta ne, amma a shari'a na mijinta ne, ba ta kuma tsaya jayayya ba. Ta sa aka ɗora mata tukunyar dafa giya da gadonta a amalanke, ta haye gada zuwa unguwar majema, ta kama ɗaki a bakin ruwa. Masu zuwa shan giya kan tambaye ta yadda take jure warin fatu. Takan ce ta zauna da wanda ya fi shi. Hamo ya aiko sau ɗaya a ce ta dawo, don mutane na magana. Ta ce a gaya masa ya bar su su yi, ai yana son a yi maganarsa. Ba ta sake bi ta ƙofar yamma ba. Idan sujada ta kama, ƙaramin cocin majema take zuwa.

Wanda ke jiran ya ji Hamo ya gamu da sakayya zai daɗe yana jira. An ba shi tagogin arewa, ya ɗauko baƙin magina daga wasu garuruwa suka yi, ya tsaya a ƙasa da sanda yana nunawa. Aka yaba, ya karɓi yabon. Ya zama shugaban ƙungiyar magina, yana zama a kan teburin manya ranar idi, ana kawo masa yara ya sa musu albarka a sana'a. Da shekaru suka tura, sai ƙofar yamma gaba ɗayanta ta zama aikinsa a bakin mutane, dama da hagu, har tsohuwar mai neman mayafi. Shi da kansa yakan tsaya ya nuna wa matafiya, ya ce ɓangaren dama ya yi shi ne yana da ƙuruciya, kafin hannunsa ya nuna. Osbert ya mutu. Idony kaɗai ta rage mai cewa ba haka ba ne, su kuma masu shan giyarta sukan ƙyafta wa juna ido, su ce tsohuwa ce mai ɗacin rai da miji ya fi ƙarfinta.

Ya mutu da tsufansa, a wurin walimar ƙungiya, da ƙashin kifi a maƙogwaro. Yana cikin ba da labarin yadda ya tsaya a garin lokacin annoba yana binne abokan aikinsa, sai ya shaƙe. Na kusa da shi sun zaci kuka ne ya zo masa saboda tuna baya, suka yi shiru don girmamawa, har ya kife a kan akushi.

Aka binne shi a cikin cocin, ƙarƙashin daɓen ɓangaren arewa, wurin da ba a ba kowa sai manya. Idony ba ta je ba, ta ce tana da tukunyar giya a kan wuta. Bayan kwana biyu Fada Wulstan, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, ya haye gada da kansa, yana toshe hanci, ya same ta tana wanke tukunya.

"'Yata, duk abin da ya faru ya wuce. Matarsa ce ke a gaban Allah. Mun bar miki wuri a gefensa, a cikin coci. Mata nawa ne a garin nan za su samu wannan daraja?"

Idony ta miƙe da ƙyar, ta goge hannu a zane.

"A gefensa, Fada? Har yaushe?"

"Har ranar da za a busa ƙaho, mana."

"Kai, Fada, ka ji tsoron Allah. Me na yi maka?" Ta koma kan tukunyarta. "A ba Uwargida Amice wurin, ita ce ke ganin kyan aikinsa. Ni na riga na yi magana da majema, sun ce akwai fili a bayan cocinsu, kusa da inda suke shanya fatu."

Fadan ya juya zai tafi. Ta tambaye shi ko zai sha giya kafin ya koma, tun da ya sha hanya. Ya ce a ɗan zuba masa kaɗan.